Yadda Ake Canza Man Giya Otomatik a Motar A-kori-kura

Motar a-kori-kura ba ta samun hutun da ƙaramar mota ke samu. Yau an lafta mata kaya, gobe an ɗaura mata tirela, jibi tana fama da yashi ko hawan tudu. In motar otomatik ce, yawancin wahalar nan a kan man giya take ƙarewa. Shi ne ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin kwanbata, wato dunƙulallen ƙarfen nan da ke tsakanin inji da giya a madadin kulocin da direba ke takawa. Shi ne ke matse faya-fayan kuloci na cikin giya duk lokacin da mota za ta sauya giya, ya shafe haƙoran ƙarfe, sannan ya kwashi zafi ya kai lagireto. Zafin nan kuwa shi ke cinye shi. Giya mai lafiya tana aiki ne a wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos, kuma duk lokacin da kaya ko tudu suka tura ta sama da haka, man yana ƙara saurin tsufa.

Tsiyaye man ba shi da wuya, duk wanda ya taɓa juyen baƙin mai zai iya. Inda aikin yake shi ne abu biyu: ka zuba irin man da giyar ke sha, kuma ka tsayar da shi daidai inda ya kamata a zafin da aka ce a auna shi. Yawancin giyar da ke lalacewa bayan canjin mai, a ɗayan biyun nan aka kuskure.

Yaushe ya kamata, kuma me man yake gaya maka

Littafin mota yakan kawo jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na aiki mai tsanani. Ford ta rubuta mil 150,000 ga F-150 na shekarun baya-bayan nan, wato wajen kilomita 240,000. Toyota kuma, ga Tacoma da ke jan tirela, ta ce mil 60,000, kusan kilomita 96,000. Akwai ma giyar da ake cewa man da ke cikinta na har abada ne. A ganina mai a-kori-kura ya manta da jadawalin farko. Jan tirela, kaya masu nauyi, ƙura, cunkoso, zafin rana, duk littafin da kansa ya sa su cikin aiki mai tsanani, kuma da wuya ka sami motar kaya da ba ta shiga ko ɗaya daga ciki ba. Tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000 lissafi ne da ba ya cutar da kowa.

Kafin ka sayi komai, duba man da ke ciki. In motar tana da geji, zaro shi ka ɗiga man a farar takarda. Ja mai haske, lafiya lau. Ja da ya fara komawa ruwan ƙasa amma ba ya wari, lokacin canji ya yi. Baƙi mai warin ƙuna, nan kuma magana ta canza: faya-fayan kuloci sun sha wuta. Idan har giyar ta fara zamewa, wato inji na ƙara amma mota ba ta ja, sabon mai ba zai mayar da abin da ya riga ya cinye ba. Daga nan ne ma maganar nan ta samo asali, wai canza man tsohuwar giya yana kashe ta. Abin da ke faruwa shi ne ɓurɓushin kulocin da ke yawo cikin tsohon man yana ɗan taimaka wa faya-fayan da suka siɗe su riƙe, da an tsiyaye shi sai ciwon da ke ɓoye ya fito fili. Giyar da ke shiga daidai, ko ta yi nisan tafiya, ba ta da abin tsoro a canjin mai na tsiyaya da cikawa.

Akwai launi ɗaya da in ka gan shi sai ka ajiye sifana: ruwan hoda mai kauri, kamar an zuba masa madara. Ruwan lagireto ne ya shiga giya, saboda bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireton ya fashe. Ruwa yana narkar da gam ɗin da ke riƙe da fatar kuloci. Kada a ƙara tuƙa motar, a fara gyara lagireto, kuma wannan aikin bakaniken giya ne.

Man da za ka saya

Nan ne ba a yin "ai duk ja ne". Kowace giya an ƙera ta ne da wani mai a zuciya, da kaurinsa da yadda yake barin kuloci ya kama. Tsofaffin Hilux masu giya 4 da yawansu Dexron III ko Toyota T-IV suke sha, amma masu giya 5 da 6 na baya sun koma Toyota WS, wanda ya fi ruwa-ruwa. Ford Ranger da F-150 masu giya 6, wadda ake kira 6R80, Mercon LV suke so, masu giya 10 kuma, 10R80, Mercon ULV. Sunayen sun yi kama, amma ba a musanya su. Chevrolet Silverado da GMC Sierra masu giya 4 da 6 Dexron VI ne, wanda GM, kamfanin da ke ƙera su, ta fito da shi a 2005 ya maye gurbin Dexron III. Tsofaffin Dodge Ram ATF+4, Ram mai giya 8 kuwa giyar kamfanin ZF na Jamus ce a ciki, kuma tana da nata man daban, wanda ma ba ja ba ne, kore-kore ne. Nissan tana da Matic J da Matic S. Sunan yana cikin littafin mota, wani lokaci a jikin geji, wani lokaci an buga shi a kan notin cikawa.

Man da aka rubuta wa "na kowace mota" yana iya yin aiki idan sunan man giyarka yana jere a bayan galan ɗin. In bai fito ɓaro-ɓaro ba, bar shi. Man giyar CVT, wato otomatik marar matakan giya, da man giyar hannu mai lamba 80W-90 ko 75W-90 kuwa kada su kusanci motar.

Yawan da za ka saya ya danganta da abin da zai fito. Giyar a-kori-kura takan ɗauki lita 10 zuwa 13 gaba ɗaya, amma lita 3 zuwa 5 kawai ke zubowa in an buɗe ƙasa, sauran yana maƙale cikin kwanbata da bututai. In za ka sauke kasko, zai ɗan fi haka. Sayi abin da littafi ya ce, ka ƙara lita ɗaya a kai.

Sauran kayan: sabuwar filta da gasket in za a sauke kasko, sabbin wosha na notocin tsiyaya da cikawa, akwatin soket da alanki, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, babban faranti mai faɗi na tarar mai, jarka ko robar da ke da layukan lita, dogon mazurari, ƙaramin famfon hannu mai tiyo ga motar da ba ta da geji, feshin wanke birki, tsumma marar gashi, safar hannu da tabarau. Ga mota marar geji kana buƙatar na'urar gwajin da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, wadda ke nuna zafin man giya.

Shirya motar

Ka ɗan zaga da motar minti goma don man ya yi ɗumi ya saki jiki, ya kuma tayar da dattin da ya kwanta. Ɗumi ake so. Man da ya fito daga doguwar tafiya yana iya sale fata, saboda haka in daga hanya kake, bar ta ta huce.

Tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa P, ka ja birkin hannu, ka sa weji gaba da bayan taya. A-kori-kura da yawa suna da tsayin da mutum zai shige ƙarƙashinsu ba tare da an ɗaga ba, kuma wannan ya fi komai sauƙi domin motar tana zaune daidai. In dole sai an ɗaga, a ɗaga gaba da baya daidai wa daida a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, ko a hau rami. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Motar da ta karkata kuma awon man giyarta ƙarya ne, ko da geji ko babu. In akwai farantin kariya a ƙasa, kwance shi ka ajiye notocinsa wuri guda.

Yanzu ka tabbatar da abin da kake kallo. A ƙarƙashin mota mai jan taya huɗu akwai kaskon inji a gaba, kaskon giya a tsakiya, sai ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba da na baya, kowanne da notinsa. Kaskon giya shi ne mai faɗi, marar zurfi, da ƙananan notoci jere a gefensa. Ana samun wanda zai tsiyaye giya ya je ya ƙara wa inji mai, to ka duba sau biyu.

In motar ba ta da geji, abu na farko da za ka kwance shi ne notin cikawa da ke gefen giya. Ka goge kewayensa, ka sassauta shi, ka tabbatar yana fita. Dalili a fili yake: in ka tsiyaye mai sannan ka tarar notin cikawa ya ci tsatsa ko kansa ya siɗe, ka zauna da motar da ba ta motsi. A giyar Toyota mai 5 ta A750, notin cikawa na soket 24 ne, na tsiyaya 14, sai wani ƙarami na alanki 5 a jikin kasko wanda shi ne na awo. Kada ka rikita na tsiyaya da na awo.

Tsiyayewa da sauke kasko

In kaskon yana da notin tsiyaya, ka huta. Tara faranti, kwance, ka bar shi ya zuba har ya koma ɗigo, minti goma sha biyar ko ashirin. Sa sabuwar wosha ka mayar da notin. In ba ka da niyyar taɓa filta a wannan karon, ka auna adadin man da ya fito, sannan ka tsallake zuwa wajen cikawa.

Giya da yawa, irin su 6R80 da 10R80 na Ford da yawancin 4L60E na GM, ba su da wannan noti, sai an sauke kaskon da man a ciki. Aikin yana da ɓata jiki, amma akwai dabara. Sassauta notocin duka kaɗan-kaɗan. Sannan ka cire na gefe guda gaba ɗaya, ka bi na gefuna biyu, ka bar biyu ko uku a ɗaya ƙarshen a sassauce. Kaskon zai sunkuyo ta kusurwa ɗaya, man ya zubo ta nan cikin faranti. In ya manne, buga shi a hankali da gudumar roba. Kada ka cusa sukundireba tsakanin kasko da jikin giya, jikin alminiyom ne, in ya karce zai yi ta yoyo. Da zubar ta lafa, tallafe kaskon da hannu ɗaya, ka cire sauran notocin, ka sauko da shi a miƙe domin har yanzu akwai mai a ciki. Mai geji yana iya rage wa kansa wahala ta hanyar zura siririn tiyo ta bututun geji ya zuƙe yawancin man tun kafin ya taɓa kasko. A wasu motocin salansa ko ƙarfen da ke tallafe da giya yakan tare hanya, sai an ɗan sassauta shi.

Duk abin da ya fito, na faranti da na cikin kasko da wanda zai biyo filta, juye shi cikin jarka mai layuka ka rubuta adadin. Wannan lambar ita ce jagorarka wajen cikawa. In lita 4.2 ta fito, ka san inda za ka fara.

Kafin ka wanke kaskon, karanta shi. Akwai maganaɗisu ɗaya ko fiye a gindinsa. Laushin toka-toka da ya lulluɓe shi, wanda in ka murza da yatsa ba ka jin tsini, cin ƙarfe ne na al'ada. Ɓaɓɓakun ƙarfe masu ƙyalli da kake iya ɗauka da farce, ko gari mai ruwan tagulla, ko baƙaƙen gutsattsari masu yawa na fatar kuloci, suna nufin wani abu yana ci a ciki. Ɗauki hotonsu ka nuna wa bakaniken giya. Kana iya ƙarasa aikin, sai dai ka san cewa mai kaɗai ba zai warkar da ita ba.

Filta, gasket da mayar da kasko

Filta tana nan a fili da zarar kasko ya sauka. Wata notoci ke riƙe da ita, wata kuwa cusa wuyanta kawai aka yi a rami. Jawo ta ƙasa kana ɗan murzawa, ka kauce, domin mai zai biyo. Sai ka leƙa ramin. Robar da ke wuyan tsohuwar filta takan zauna a ciki, kuma in ka tura sabuwa a kanta ba za ta zauna daidai ba, famfon giya ya riƙa zuƙar iska. Ciro ta a hankali kada ka karce bangon ramin. Shafa wa sabuwar robar sabon mai, ka tura filtar har ta zauna. Gwada ta da tsohuwar tukuna, domin giya iri ɗaya tana iya zuwa da kasko mai zurfi ko marar zurfi, kowanne da tsawon filtarsa.

Ba kowace mota ce haka ba. A Ram mai giya 8 filtar a haɗe take da kaskon, sai dai a sayi kasko sabo sukutum. Ram masu giyar 545RFE da 68RFE filta biyu gare su a ciki, shimfiɗaɗɗiya da kuma ta murɗawa. Manyan Silverado masu giyar Allison 1000 suna da filtar murɗawa a waje, da maganaɗisu a kanta wanda ake gogewa a mayar.

Abin da ke saman filtar, mai wayoyi da ƙananan bawul, shi ne ƙwaƙwalwar giyar. Kada ka goge shi da tsumma, kada ka fesa masa komai, kada ka bari ƙura ta hau. Zare ɗaya na tsumma ya isa ya maƙale bawul. Saboda haka ma ba a yin aikin nan a inda iska ke kwaso ƙasa.

Wanke kasko da maganaɗisu da feshin wanke birki, su bushe sarai, ka mayar da maganaɗisun gurbinsa. Kankare ragowar tsohon gasket daga kasko da jikin giya da abin kankara na roba. Ɗora kaskon ƙarfe a shimfiɗaɗɗen wuri ka duba ramukan notoci. In sun kumburo saboda ɗaurin wani na baya, daddale su a hankali su koma daidai. Wasu giyar Ford da GM suna zuwa da gasket mai ƙarfe a ciki wanda ake sake amfani da shi in bai yage ba, kuma sau da yawa ya fi wanda ke zuwa cikin kwalin filta inganci. Wasu Toyota kuma ba su da gasket, gam na musamman ake ja siriri. Inda akwai gasket kada ka ƙara gam, domin rarar da ta matso ciki takan ɓalle ta toshe filta.

Ɗaga kaskon, ka kama duk notocin da yatsa tukuna. Sannan ka ɗaure su a gicciye, wannan gefe sai wancan, zagaye biyu. Ƙarfin ɗaurin kaɗan ne ƙwarai, a giya da yawa Nm 10 zuwa 12 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifana mai awo), a wasu Toyota ma ƙasa da haka. Hannun da ya saba da notin taya zai tsinke su ko ya murƙushe gasket ba tare da ya ji komai ba. Shi ya sa na sa sifana mai awo cikin kayan aiki.

Cikawa da awo a mota mai geji

Sa dogon mazurari a bututun geji, ka zuba adadin da ya fito, ka rage kamar rabin lita. Ƙarawa ta fi ragewa sauƙi. Zuba a hankali, bututun siriri ne. Tayar da inji, ƙafarka a kan birki, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, P, R, N, D har ƙasa, kana tsayawa daƙiƙa biyar a kowacce, ka dawo P. Inji na aiki, zaro geji, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. A wannan matakin so kake man ya kai alamar sanyi. In ya kai, fita ka yi tafiyar kilomita 15 zuwa 20 giyar ta yi zafi sosai, ka dawo wurin da ya daidaita, ka sake aunawa inji na aiki. Yanzu ya kamata ya tsaya cikin alamar zafi. Ƙara kaɗan-kaɗan, rubu'in lita a lokaci guda, ka jira minti biyu man da ya shafi bututu ya sauka kafin ka sake karantawa. Duba fuska biyu na gejin, ka yarda da wadda ta fi ƙasa.

Tsofaffin Dodge Ram masu giyar 46RE, 47RE da 48RE a N ake auna su, da birkin hannu a ja, domin a P man ba ya zagayawa yadda ya kamata. F-150 da Ranger masu 6R80 kuma suna da geji, sai dai ɗan guntu ne da ke ɓoye ƙarƙashin wani noti a gefen giya, dab da salansa, kuma da zafi ake karanta shi. Sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu.

Mota marar geji

Nan ne ake buƙatar haƙuri. A irin wannan giya rami ne ke yin aikin geji: in mai ya kai bakin ramin awo ya fara zubowa, ya cika. Amma man giya yana kumbura in ya yi zafi, saboda haka "ya cika" ba ta da ma'ana sai a zafin da masu ƙera giyar suka ƙayyade. In ka auna da sanyi fiye da kima, za ka bar mai ya yi yawa. In ka auna da zafi fiye da kima, za ka zubar da wanda ake buƙata. Giyar ZF mai 8 tsakanin digiri 30 zuwa 50 ake auna ta. Na Toyota ma ɗumi ne, zangon kamar digiri 10 kacal, kuma ya bambanta daga giya zuwa giya, don haka ka ɗauko lambar daga littafin gyaran motarka. Na'urar auna zafi da ake haskawa a jikin kasko takan nuna ƙasa da ainihin zafin man, na'urar gwaji ta fi.

A Toyota, ka tura mai da famfon hannu ta ramin cikawa, adadin da ya fito da ƙarin kamar rubu'in lita zuwa rabi, domin a nan so kake a sami rarar da za ta zubo. Rufe notin. Tayar da inji, bi giyoyin kamar yadda aka faɗa a sama, dawo P, ka bar ta tana aiki kana kallon zafi. Da ya shiga zangon, shiga ƙasa ka kwance ƙaramin notin awo, inji na aiki. In mai ya zubo, jira har ya koma siririn zare mai yankewa, ka rufe da sabuwar wosha. In babu abin da ya fito, bai isa ba: rufe, ƙara rabin lita, ka sake. Zangon yana wucewa cikin 'yan mintoci, musamman a ranar zafi, to ka jera alanki da faranti da wosha tun kafin ka tayar. In zafin ya wuce ka, kashe mota ka jira ta huce. Gara jiran awa biyu da awon zato.

A ZF rami ɗaya ne na cikawa da awo. Inji a kashe za ka cika har ya zubo, ka tayar da inji, famfon giya ya zuƙe, ka ci gaba da turawa har ya sake zubowa, ka bi giyoyi, sannan ka yi awon ƙarshe cikin zangon zafin. Kada a kashe inji ramin yana buɗe, domin man da ke sama zai dawo kasko ya kwararo waje.

Tunda za ka kwanta ƙarƙashin mota inji na aiki, sake duba P da birkin hannu da weji. Wurin ya zama mai iska saboda hayaƙin salansa. In akwai wanda ke taimaka maka a kujerar direba, ku yi magana a fili cewa ba ya taɓa giya sai ka fito.

Kada ka raina rabin lita. In man ya gaza, famfo yana zuƙar iska, matsi ya faɗi, kuloci ya zame ya ƙone. In ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta matse kuloci, sai zafi ya tashi, man ya fara fita ta bututun numfashin giya.

Bayan an gama

Fesa wa kewayen kasko abin wanke birki ka goge tas, don duk ɗigon da ka gani daga baya ka san sabo ne. Yi tafiya a hankali ka ji ta shiga kowace giya har ta sama, ka gwada ribas. Giyar zamani tana koyon yadda mai ke kama kuloci, saboda haka in canjin giya ya ɗan bambanta a kwanakin farko, ba abin damuwa ba ne. Zamewa, ko jinkiri mai tsawo kafin ta shiga D, ko kuka daga wajen famfo, waɗannan kam ka tsaya ka sake awo, ka kuma tuna da robar wuyan filta. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ka duba. In gefen kasko yana naso, bi notocin da sifana mai awo sau ɗaya, kada ka wuce lambar.

Ka tuna cewa ba duka man ka canza ba. A ce giyar tana ɗaukar lita 10 kuma 4 ke fita. Bayan tsiyaya ta farko, kashi 60 cikin 100 tsohon mai ne. In ka yi tafiyar 'yan kilomita ɗari ka maimaita, ya koma 36. A karo na uku, wajen 22. Ga motar da ake kula da ita a kan lokaci, sau ɗaya ya wadatar. Ga wadda ka saya hannu ba ka san tarihinta ba, man kuma ya yi duhu, sau uku ɗin nan shi ne shawarata, kuma filta sau ɗaya kawai za ka canza. Akwai injin da gareji ke haɗawa da bututan sanyaya ya musanya kusan duka man a zama ɗaya. Yana da kyau ga giya mai lafiya in dai man da ya dace aka zuba masa, amma ban ga dalilin zuba sinadarin wanki a tsohuwar giya ba, kuma injin ba ya canza filta, ba ya nuna maka abin da ke kan maganaɗisu.

Tsohon man ka juye shi cikin galan ɗin da ka zazzage, ka rufe, ka kai inda ake karɓar tsohon mai. Kada ya shiga kwata ko ƙasa, kuma kada ka haɗa shi da ruwan lagireto ko man birki, domin masu sake tacewa ba sa karɓar gauraye. Rubuta kwanan wata, kilomitar da ke kan mita, sunan man da adadin litar da ta shiga a littafin motar, tare da ko an canza filta ko ba a canza ba.